Rasuwar Ɗan Aike Mai Ƙafa Takwas na Fadamar Gabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙafa da ta kasa zama wuri ɗaya tun Asabar, Munzali Abdulwahid, mai gyaran waya da rediyo a bakin kasuwar Haɗeja, yana sanar da 'yan ƙungiyar noman rani ta Fadamar Gabas da ke ƙasar Auyo, da masunta, da masu kwalekwale, da duk wanda ya taɓa sa hannu a tuwon shinkafar wannan fadama, rasuwar abokin aikinsa Ɗan Aike. Ya cika ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a cikin akwatinsa da ke bakin kogi. Babu kowa a kansa.

An nemi a karanta wannan sanarwa a ƙofar masallaci bayan an idar da Juma'a, lokacin da kowa ke nan. Mai gaggawa ya ɗan jure. Abin da ya shafe shi yana ƙarshe.

Wanda bai san marigayi ba, ba za a ga laifinsa ba. Girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Baƙi ne, mai ƙafa takwas, huɗu a dama huɗu a hagu, kuma tun da ya sauka fadama bai taɓa leƙo waje ba. Ɗan kayan lantarki ne, masu sana'a suna ce wa irinsa aisi. Aikinsa guda ɗaya ne tak. A cikin babban akwatin bakin kogi akwai ƙwaƙwalwa, ita ke yanke wa za a ba ruwa da kuma lokacin da za a ba shi. Amma ba ta da muryar da za ta kai nesa. Marigayi ne ke karɓar maganarta ya ɗora a kan wayoyi biyu da aka murɗe da juna, ta bi gefen magudana har ƙofar ruwa ta tsakiya da ta ƙarshe, sannan ya kasa kunne ya ji amsarsu ya dawo mata da ita. Wannan hanyar magana sunanta CAN, irin wadda sassan mota ke jin juna da ita. Munzali ya ɗauko ta daga mota ya shimfiɗa ta a taɓo, ta kuwa zauna.

Ba ɗan fadama ba ne. Inda aka haife shi ba a sani ba, rubutun da ke bayansa ya goge saura kaɗan. Ya yi ƙuruciyarsa a ƙwaƙwalwar wata tsohuwar mota da ta gama yawonta a hannun 'yan gwangwan. Nan Munzali ya tarar da shi, a shekarar da ya gama sakandare ya rasa inda zai sa kansa, ya cire shi da ƙarfen narka dalma, ya hure masa ƙura, ya ajiye shi a gwangwanin madara ba tare da ya san ranar amfaninsa ba. Da ƙungiya ta samu farantan sola da injin ban ruwa, aka rasa wanda zai raba ruwan ba tare da an tuɓe hula ba, ranar ta zo.

Dattawan ƙungiya suna tuna yadda ake kafin zuwansa. Magudana ɗaya ce, ƙofofi uku. Na sama ya sha, na tsakiya ya lasa, na ƙarshe ya kalli sama. An yi zama a gindin tsamiya ba sau ɗaya ba, an yi rantsuwa, an watse, washegari an koma gidan jiya. Marigayi ya zo bai yi zama da kowa ba. Bai san wane ne surukin mai unguwa ba. Bai san wa ke da fangalin shinkafa goma wa ke da biyu ba. In ƙwaƙwalwa ta ce a rufe ta sama a buɗe ta ƙarshe, haka zai kai, bai ƙara gishiri ba bai rage ba. Ba a taɓa kama shi ya tsaya hira a hanya ba. An aike shi da rana tsaka, an aike shi cikin ruwan sama, an aike shi ranar Sallah, bai ce yau hutu ba ne.

Bai kasance mai ɗaga murya ba. A gaskiya ba wanda ya taɓa jin muryarsa da kunne, domin maganarsa duka ita ce ya ɗan ɗaga waya ɗaya ya ɗan sauke ɗayar, na can ƙarshe ya auna tazarar da ke tsakaninsu ya gane. Amma an san isowar saƙonsa. Ƙaramar fitila kore za ta ƙifta. Sai a ji makunni ya ce ƙas. Sai ƙofa ta ce zuuu, a hankali, kamar tsoho na miƙa. Sai ruwa ya biyo baya yana ɓul-ɓul cikin fangali. Matan da ke cirar ciyawa a ƙofar ƙarshe sukan ɗaga kai da jin ƙas ɗin nan su gyara ɗaurin zane, don sun san ƙafa za ta jiƙe. Tun Asabar fitilar ba ta ƙifta ba. Munzali yana jin ƙas a kunnensa a kan babur, ya taka birki, ya tarar ba komai.

Ba za a rufe aibinsa ba, don shi ma bai rufe na kowa ba. Marigayi ɗan zamanin da ne, wuta bolt biyar yake ci, ba ya karɓar ƙasa da haka. Ƙwaƙwalwar da yake wa aiki kuwa 'yar yau ce, bolt uku da ɗigo uku ta ishe ta, da shi take ci da shi take magana. Saboda haka in ta yi masa magana sai ya ji kamar raɗa, in ya amsa mata sai ta ji kamar tsawa. Dole aka sa musu tafinta a tsakani, wasu 'yan ƙananan kaya da ke ɗaga muryarta suna sassauta tasa. Dole kuma aka ɗaukar masa mai dafa abinci nasa shi kaɗai, wato mai rage wuta da ke sauko da ƙarfin batir zuwa biyar. Wannan mai dafa abinci zafi gare shi. In bazara ta kama, murfin akwatin ba ya taɓuwa, har ƙwaƙwalwa ta kan suma ta farfaɗo da kanta. Munzali ya sha cewa zai sauya tsarin. Bai sauya ba, don abin da ke aiki ba a cika son taɓa shi ba. Sannan fatar marigayi siririya ce. Wutar da ta wuce bolt goma sha takwas in ta hau wayar magana, ba zai ɗauka ba. A mota hakan ya wadatar. A fadama batir mai bolt ashirin da huɗu ne, in rana ta take ma ya kan haura.

Ajalinsa ya zo ta hannun alheri.

Kowa ya san kacalla, ciyawar nan mai tsawon mutum da ke cinye hanyar ruwa in an yi mata sakaci. Asabar da ta wuce aka yi gayyar yanke ta a rabin magudana. An fito da lauje da adda, an yi kiɗa, an sha kunu, aiki ya yi kyau. A inda kebul ɗin da ke ɗauke da wayoyin marigayi ke tsallake magudana ƙarƙashin ruwa, wata adda ta same shi ta raba shi biyu. Ba a san ta wa ba ce, ba kuma a nema. Kebul ɗin zare huɗu ne a ciki: biyu na kai wutar batir ga ƙananan akwatunan da ke ƙofofi, biyu na magana. Da an bar shi a yanke, da marigayi na nan da ransa yana jiran a haɗa masa hanya.

Ba a bar shi ba. Baba Gana, wanda ya jagoranci gayyar, masunci ne da ya tsufa a kan ɗinkin komar kamun kifi, kuma bai taɓa iya ganin zare a tsinke ya wuce ba. Ya ɗago bakin nan da bakin can daga cikin taɓo, duk sun zama launi ɗaya. Ya fere su da wuƙarsa, ya haɗa kowane zare da wanda ya fi kusa da shi, yadda ake yi wa koma, ya murɗe, ya naɗe da robar tayar keke, ya ja ya ji ba ya motsi, ya mayar cikin ruwa. Bai faɗa wa kowa ba, don a wajensa ba abin faɗi ba ne. A wannan ƙulli zaren wuta ya auri zaren magana. Ƙarfin batir gaba ɗaya ya bi hanyar da raɗa ke bi, ya isa akwatin bakin kogi ya tarar da Ɗan Aike a bakin aiki. Ba a jin ya daɗe.

An saba gaggauta jana'iza, kuma Munzali na neman afuwa da aka kai yau ba a yi ba. Bai yarda an mutu ba ne. Ya zargi batir, ya zargi ƙwaƙwalwa, ya zargi tururuwa. Ya bi kebul da mitar awon wuta a hannu daga bakin kogi zuwa ƙofar ƙarshe, ya dawo, ya sake komawa, ya wuce ta kan ƙullin nan ba sau ɗaya ba bai gan shi ba, saboda an naɗe shi da kyau har ya fi sauran kebul ɗin kyau. Sai da ya tuɓe ya shiga ruwa ya bi da hannu kafin yatsansa ya ci karo da shi. Ya gane ƙullin masunci ne, ya yanko shi ya kai har gidan Baba Gana, ya tarar da shi a zaure da koma a cinya.

Tsohon ya juya ƙullin a hannu ya ce, "Aikina ne, ɗana. Na ga zare ya tsinke, na ɗaura. Tun ba a haifi mahaifinka ba nake wannan, ba a taɓa dawo mini da ƙulli ya kwance ba."

Munzali ya ce, "Wannan ma bai kwance ba, Baba. Shi ne matsalar."

Baba Gana ya ajiye allurar koma. Da aka buɗe masa akwatin ashanar da aka sa marigayi a ciki ya ga gawar, da ɗan kumburi a bayanta kamar ƙurji, sai ya ce, "Wannan ɗan abin ne ya hana mu faɗa duk shekarun nan?" Aka ce shi ne. Ya ce, "Allah Sarki." Iyalan marigayi ba su riƙe shi da komai ba, kuma suna roƙon kada wanda ya riƙe shi.

Marigayi ya bar ƙwaƙwalwa, uwar ɗakinsa, da ranta da hankalinta, tana ta yanke hukunci babu mai kai mata. Ya bar ƙannensa biyu a ƙofar tsakiya da ta ƙarshe, 'yan bolt biyar su ma, amma 'yan baya masu kaurin fata, wutar ta bi ta kansu ba ta yi musu komai ba. Suna nan sun kasa kunne. Tafinta bai tsira ba, tare suka tafi. Mai dafa abinci yana nan, ya ƙara zafin rai, yana dafawa babu mai ci. Ya bar koren allon da ya zauna a kai, wanda ya sha wuta wajen cire gawar har dandamalin ƙafafu biyu suka fara ɗagowa. Ya kuma bar ƙofofi uku da yanzu hannu ke buɗe su.

Nan ne maganar ta yi nauyi. Tun da aka koma hannu, aka koma halin da. Ba a ce kowa mugu ne ba. Malam Shu'ibu da ke ƙofar sama mutumin kirki ne, amma ƙofa na kusa da shi, hannunsa kuma ba a ɗaure yake ba. Ruwa ya kai idon sawu a fangalinsa. Na tsakiya sun ga na sama ya buɗe, su ma suka buɗe. Munzali ya kan rufe ta sama ya hau babur ya nufi ta tsakiya, kafin ya isa an buɗe ta baya. Ya rufe ta tsakiya ya juyo, ya tarar da wancan labarin. Haka yake ta kai da kawo a kan gaɓar magudana kamar kaza mai neman wurin ƙwai, shagonsa a rufe, masu waya suna ta kira. Aikin da abu mai girman ƙwayar wake ya yi shekaru bai yi gumi ba, ya gagari saurayi da babur.

A ƙofar ƙarshe kuwa akwai gonar yayarsa, Halimatus Sa'adiya, da ta mata huɗu da suke aiki tare. Shinkafarsu ta yi ciki. Manomi ya san abin da ake nufi: in ta rasa ruwa a wannan gaɓa, za ta fito da kai, ta yi kyau daga nesa, a murza a tarar babu ƙwaya. Ƙasar fangalin ta fara tsagewa, yatsa na shiga. Abincin gidaje biyar ne a wajen har damina.

Saboda haka batun magaji bai jira an share makoki ba. Munzali ya yanke tun farko cewa wanda zai hau wannan kujera ba zai zama ɗan bolt biyar irin marigayi ba. Tafinta ya mutu, kuma ba za a sake gina wani a kan allon da ya gaji ba. Ana son wanda zai ci abin da ƙwaƙwalwa ke ci, ya ji maganarta kai tsaye. Tsoron farko shi ne ko ƙannen marigayi za su gane muryar mai cin uku da ɗigo uku. Ya bincika, ya samu za su gane. Su ba ruwansu da abin da mai magana ya ci. Tazarar da ke tsakanin wayoyi biyu suke aunawa, kuma mai ƙaramin cin na iya buɗe ta yadda ake so.

Sunan mutum uku aka kawo. Na farko mai baki biyu ne, yana magana da ƙwaƙwalwa da uku da ɗigo uku, ba ya bukatar tafinta, fatarsa ma da kauri. Amma cinsa har yanzu biyar ne, wato mai dafa abinci zai ci gaba da zama, akwatin zai ci gaba da zazzaɓi, ga bazara a bakin ƙofa. Kuma sai an aiko da shi daga Kano. An gode masa.

Na biyu yana nan Haɗeja, a cikin gilashin Gwadabe mai sayar da kayan lantarki. Gwadabe ya ciro shi ya ɗora a tafin hannu ya ce, "Injiniya, kai da ke tafiya kamar an kunna maka wuta a wando, ga shi a hannu. Uku da ɗigo uku yake ci, ƙafafunsa daidai da na mamacin. Ka sa shi yau, gobe ruwa ya gudu. Me kuma kake so, ya yi maka shuka?"

Munzali ya ce, "Nawa yake jurewa a kan waya?"

"Goma sha shida."

"Wanda ya mutu sha takwas yake jurewa."

"To ka hana mutanenka sarar kebul mana."

"Ka taɓa hana ɗan gayya ɗaga adda?"

Gwadabe ya yi dariya ya mayar da shi cikin gilashi, ya ce yana nan in an sauya shawara.

Na uku shi ma uku da ɗigo uku yake ci, amma an yi shi don wahala. Yana ɗaukar har talatin da shida a kan wayar magana bai ce uffan ba, wato ko an sake ɗaura masa batir gaba ɗaya da rana tsaka, zai jira a kwance ƙullin ya ci gaba da aiki. Yana da nasa sharaɗin. Ƙafarsa ta biyar aikinta daban da ta marigayi, sai an yanke wata 'yar hanya a allon an karkatar da ita, a kuma janye masa layin biyar a kawo masa na ƙwaƙwalwa. Wannan ba komai ba ne, aikin rabin yini ne. Abin da ke komai shi ne yana Kano, kuma direban da zai zo da shi sai Litinin.

Da allon na da lafiya, da an sa na Gwadabe riƙon ƙwarya kafin na Kano ya iso. Ba shi da ita. Dandamalin ƙafafun nan ba za su ɗauki ƙarfe mai zafi sau biyu ba. Sau ɗaya ya rage, duk wanda aka liƙa shi ke nan. Kuma gobe Asabar za a yanke sauran rabin kacalla, inda kebul ya tsallake ruwa har wuri uku, da hannuwan nan dai, da addunan nan dai, da zuciyar nan mai son gyara abin da ya tsinke. Bayan gobe ma kacalla ba ta gama tsirowa ba.

Ya je ya faɗa wa yayarsa. Ya same ta a tsugune a bakin fangali tana cusa yatsa cikin tsagar ƙasa.

Ta ce, "Auta, ni ban san bolt ba. Na san shinkafa ta yi ciki, ƙasa kuma ta buɗe baki. Ka sa ko wane ne."

Ya ce, "In na sa na Gwadabe ya mutu gobe, Yaya, ba ni da inda zan sa wani. Sai an sake allo, sai bayan girbi."

"Na Kanon fa?"

"Litinin."

Ta miƙe ta karkaɗe hannu. Ta ce, "Ba za ta kai Litinin a haka ba. Na je wajen mutanen sama da kaina. Malam Shu'ibu ya ce mini, 'Halima, ruwa ba ya tsallake rami, in namu ya cika zai iso.' Nasu kuwa ba ya cika. Kai da ka iya sa ƙarfe ya ji magana, ka san yadda za ka yi da mutane."

Ya hau babur ya zaga ta sama, ya rufe ƙofa, ya tsaya yana kallonta, ya san da ya juya baya za a buɗe. Ya yi tunanin sa wa ƙofar kwaɗo, ya tuna kwaɗo ba ya gagarar dutse. Ya yi tunanin kai ƙara, ya tuna zaman gindin tsamiya. A hanyar dawowa ya wuce wani gida da ake zaman makoki, tabarmi a shimfiɗe, shagon maƙwabci a rufe, mutanen da ba sa ga maciji da juna suna zaune kafaɗa da kafaɗa, akusa na shiga daga gidajen da ba a roƙa ba. Ya rage gudu. A garin nan mutum na iya hana ka ruwa ido da ido, amma ba ya iya ɗaukar fartanya ya wuce ta gaban gidan da aka yi rashi.

Munzali ya zaɓi na uku. An aika, an biya, yana hanya. Mai dafa abinci za a sallame shi da godiya ranar da magaji ya hau. Saura abin da ke tsakanin yau da Litinin, kuma wannan ba aikin dalma ba ne.

An tambayi liman. Ya ce ƙarfe ba shi da wanka ba shi da salla, kada a yi wasa da abin da ba na wasa ba. Amma ya ce rashi rashi ne ko na igiyar takalmi ne, wanda ya yi wa jama'a hidima kuma ba laifi jama'a su raka shi. A kan wannan aka tsaya.

Ga yadda aka shirya.

Za a ɗauko marigayi gobe Asabar bayan fitowar rana, daga akwatin bakin kogi, a cikin akwatin ashana. Baba Gana ne zai ɗauke shi a kwalekwalensa, shi ya nema da bakinsa. Ana roƙon duk wanda zai shiga gayya ya zo rakiya tukuna, da laujensa da addarsa a hannu, a ƙasa ba a sama ba. Za a bi magudana ta hanyar da marigayi ya saba bi. A duk inda kebul ya tsallake ruwa za a tsaya, Baba Gana zai kafa sanda ya ɗaura gora da ƙullinsa da ba ya kwancewa, kowa ya duba da idonsa ya san wurin. Za a binne shi a gindin sandar farko, inda adda ta sauka. Daga nan a shiga kacalla. Wanda ya sari kebul bayan haka ya bar shi a yanke, ya kira Munzali. Ba za a yi masa faɗa ba.

Zaman makoki kwana uku ne, daga gobe har Litinin da yamma. Ba a bukatar gero, ba a bukatar goro, kada kowa ya dafa komai. Gudummawar da ake karɓa iri ɗaya ce. Ba a aiki a gidan da aka yi rashi, ƙofar sama da ta tsakiya kuwa nan ne marigayi ya fi yawan zirga-zirga, saboda haka za su kasance a rufe har a share makoki, kuma ana sa ran babu hannun da zai taɓa su. Fangalin da ruwa ya kai idon sawu zai kai Litinin da yardar Allah. Malam Shu'ibu, a matsayinsa na maƙwabcin marigayi mafi kusa, an ba shi girman zama a ƙofar sama ya karɓi gaisuwar masu wucewa, kuma an shimfiɗa masa tabarma a kan murfin ƙofar.

Gidan makoki shi ne fangalin Halimatus Sa'adiya da abokan aikinta, a ƙofar ƙarshe. Mai zuwa gaisuwa ya biyo gaɓar magudana da ƙafa. In ya tarar ruwa ya riga shi isa, ta'aziyyarsa ta karɓu, ba sai ya ce komai ba.

Allah Ya ba mu haƙurin juna, Ya sa magaji ya fi marigayi kaurin fata, ya kuma yi gadon gaskiyarsa.

Sanarwa daga Munzali Abdulwahid, a madadin ƙwaƙwalwa, da ƙannen marigayi biyu, da shinkafar da ke jira.